Babi na Shida: Gwangwanin Macintosh da Hanyar Tamanrasset

Daga Aljiyas, babban birnin Aljeriya, zuwa Tamanrasset tafiyar kusan kilomita 2,000 ce a mota, kuma kwalta ba ta isa garin ba sai a 1978. Daga Tamanrasset a sake gangarawa kudu kimanin kilomita 400 kafin a kai In Gezzam, ƙofar da ke kallon Assamaka ta Nijar, inda hanyar Arlit da Agadas ta soma. Duk Bahaushen da ya taɓa fatauci ko cin rani ta wannan hanya ya san abin da nisan nan yake ƙara wa kuɗin buhun dabino ko kwalin taliya. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne yadda nisan yake ga mace mai naƙuda da ɗa ya gitta mata, ko direban da mota ta kife da shi a tsakiyar hamada. Waɗannan ba su da kwana biyun da za su jira a kai su manyan asibitocin bakin teku. Ko dai a yi musu aiki a asibitin da ya fi kusa, ko kuwa a yi musu sutura. In an shiga da su ɗakin tiyata, dangin da ke waje sunan likitan fiɗa suke tambaya, shi suke yi wa addu'a, shi kuma za su yi wa godiya. Mutumin da ke zaune ta wajen kan majinyacin, yatsa a kan jijiya, ido a kan ƙirji yana ƙirga numfashi, da wuya wani ya san sunansa. Hausawa na cewa barci ƙanin mutuwa ne, kuma maganar ba ta taɓa cika kamar a kan teburin nan ba, domin barcin da aka sa mutum da magani yana iya danne numfashi, ya sauke ƙarfin jini, ya saki harshe ya faɗa baya ya toshe hanyar iska. Mai sa barci shi ke tsaye tsakanin ƙanin da wansa.

Mutumin da wannan babi zai bi rayuwarsa a Oxford ta Ingila ya yi aikinsa, garin da ba shi da zafin hamada ko nisan hanya. Amma tambayar da ya shafe shekaru yana yi ta gari irin Tamanrasset ce: me ya rage wa mai sa barci in wuta ta ɗauke, tukunyar iskar oksijin ta ƙare, makanikin inji kuma yana can wata uwa duniya? Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, wannan fanni a asibiti mafi nisa ake auna shi, kuma abin da ke riƙe rai a can abu biyu ne, kayan aikin da ba su da yawan buƙata, da mutumin da aka horar ya zauna daram bai ɗauke ido ba.

An haifi Robert Macintosh a garin Timaru na Niyu Zilan a 1897. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya kawo shi Turai, ya zama matuƙin jirgin yaƙi, aka harbo shi a 1917, ya zauna fursuna a hannun Jamusawa, ya kuma yi ta yunƙurin tserewa ana kamo shi. Bayan yaƙi ya karanta likitanci a asibitin Guy's da ke Landan, ya gama a 1924. Burinsa fiɗa ne. Sa barci kuwa ya faɗa cikinsa ne don neman na cefane, yana sa wa majinyatan likitocin haƙori iska alhali yana shirin jarrabawar fiɗa, har sana'ar ta karɓe shi ya kasa barinta. A zamanin nan ana ɗaukar aikin ɗan rakiya ne, abin da ake miƙa wa ƙaramin likita ko ɗalibi, a ce ya ɗiga magani a kan ƙyalle ya kifa wa majinyaci a fuska. Tun daga 16 ga Oktoba 1846, ranar da aka fara nuna amfanin sinadarin eta a bainar jama'a a Boston, kusan shekara 90 ke nan ana sa mutane barci, amma a Turai babu jami'ar da ta ga ya cancanci kujerar farfesa.

Attajiri ne ya karya wannan, ba malaman jami'a ba. A 1936 Lord Nuffield, mai kamfanin motoci na Morris, ya yi wa Jami'ar Oxford kyautar fam miliyan 2 don kafa kujerun likitanci. Manyan jami'ar sun tsara na magani da na fiɗa da na haihuwa, shi kuwa ya ce sai an ƙara na sa barci. Suka yi ta nuna masa cewa abin bai kai ba, kowane likita na iya yi. Ya nuna musu cewa in babu wannan kujera to babu kuɗin ma gaba ɗaya, suka sauko. Macintosh, wanda suka saba da Nuffield a filin wasan golf, shi ya hau kujerar a 1937. Ana iya cewa sanayya ce ta ba shi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin a lokacin ba shi da wani tarin bincike da zai nuna. Sai dai abin da ya yi da ita cikin shekara 28 ya rufe bakin masu wannan magana.

A shekarar da ya kama aiki ya tafi Sifen, ana tsakiyar yaƙin basasa, don taimaka wa wani likitan Amurka mai gyaran fuskokin sojojin da harsashi ya ɓata, a San Sebastiyan. Ya tarar babu injin sa barci, babu tukwanen iska, sai kwalaben eta. Mutumin da ake ɗinke wa muƙamuƙi kuwa ba a iya kifa masa ƙyalle a fuska, don a nan likita ke aiki. Sai ya nemi gwangwani ya huda murfinsa, ya zuba eta a ciki, ya haɗa shi da robar da ya zura a maƙogwaron majinyaci. In mutum ya ja numfashi, iskar ɗaki ta shiga ta hudojin, ta bi ta kan maganin, ta kwashi tururinsa ta kai huhu. Dabarar ba tasa ba ce, wani likitan Amurka mai suna Flagg ya riga ya bayyana ta. Nasa shi ne darasin da ya koma gida da shi: farfesan Oxford ya ga cewa duk iliminsa ya dogara ne a kan kayan da lori ke kawowa, kuma ranar da lorin bai zo ba, huhun majinyaci da iskar Allah ne kaɗai injin da ya rage.

Gwangwanin yana da aibi babba, kuma duk wanda ya san randa ko salka zai gane shi nan take. Ruwan salka yana sanyi ne saboda ɗan abin da ke tsattsafowa ta fata yana bin iska yana tafiya da zafi. Haka eta yake, har ya fi: yana yin tururi yana sanyaya kansa, yana sanyi kuma tururin na raguwa, sai majinyacin da ya yi nisa a barci ɗazu ya fara motsi wuƙa na cikinsa. In ɗakin ya yi zafi kuma tururin ya yi yawa, barci ya zarce inda ake so. Mai sa barci ba shi da hanyar sanin ko nawa yake bayarwa, sai dai ya yi ta kirdado. Macintosh ya yi abin da likitocin zamaninsa ba su saba ba, ya ɗauko masanin kimiyyar lissafi da zafi, Hans Epstein, ɗan gudun hijira daga Jamus, ya zaunar da shi a sashensa. A 1941 suka fito da tukunyar tururi ta Oxford, wadda masana'antar Nuffield ta ƙera dubbai don sojoji. A shekarun 1950 suka fito da wadda ta fi ta, EMO, wato haruffan farko na Epstein da Macintosh da Oxford. Tukunya ce da aka kewaye da ruwa don ya riƙe mata ɗumi, da wani ɗan makulli a ciki mai buɗewa da tsukewa da kansa gwargwadon zafi ko sanyi, ta yadda adadin da aka saita a jikinta shi ke fita. Aka haɗa mata zugazugi irin na maƙera, wanda ake matsawa da hannu a hura wa mutum iska in numfashinsa ya tsaya. Ba ta cin lantarki, ba ta neman tukunyar iska, kuma mutum ɗaya na iya ɗaukarta ya sa a bayan mota. Ƙananan asibitoci da yawa a Afirka da Asiya da ita suka yi ta ciro jarirai da ɗinke hanji shekara da shekaru.

Ƙirƙirarsa da ta fi shahara ma daga wannan tunani ta fito. Zura roba a maƙogwaro sai an ga ƙofarsa, kuma ƙarfen da ake leƙawa da shi a da miƙaƙƙe ne, yana neman gwaninta, yana kuma yawan karya haƙora. Wata rana ana cire wa wani ƙwayoyin maƙoshi, Macintosh ya lura cewa ƙarfen buɗe baki da ya wuce ya danna gindin harshe ya ɗaga murfin maƙogwaro ba tare da ya taɓa shi ba, ƙofar ta bayyana sarai. Ma'aikacin sashensa Richard Salt ya lanƙwasa masa ƙarfe a kan wannan siffa, kamar cokali mai ɗan fitila a baki, aka wallafa bayaninsa a 1943. Amfanin cokalin shi ne ya sauƙaƙa wa wanda ba gwani ba abin da da sai gwani.

Ƙorafi na farko da za a yi wa wannan hujja mai nauyi ne. Za a ce ai wannan wata hanya ce ta cewa talaka da na nesa su haƙura da na baya, su ce da babu gara ba daɗi, alhali na birni na morar injunan zamani. Za a ƙara da cewa Aljeriya ba matalauciyar ƙasa ba ce, tana da man Hassi Messaoud da iskar gas, kuma tun 1974 ta mai da magani kyauta a asibitocin gwamnati. Me zai hana a saya wa Tamanrasset irin injin da ke Aljiyas? A saya mana, haƙƙinsu ne. Amma kuɗi yana sayen inji ne, ba ya rage tsawon hanya. Injin zamani yana buƙatar iskar oksijin mai ƙarfi a bututu ba yankewa, da wutar da ba ta rawa, da wanda zai zo ya duba shi a kan kari, kuma ƙurar hamada ba ta raga wa na'ura mai laushi. In ɗaya daga cikin waɗannan ya yanke, injin ya zama kabad mai tsada. A bazarar 2021, lokacin da korona ta yi tsanani, manyan asibitocin arewacin Aljeriya kansu sun shiga ƙarancin oksijin, har jama'a suka yi ta karo-karo don sayen injunan tace iska. In bakin teku ya ga haka, to ina ga ƙarshen hanya? Sannan tsarin da majinyaci ke jawo iskar ɗaki da kansa ba na matalauta kaɗai ba ne. Sojojin Birtaniya, waɗanda ba kuɗi suka rasa ba, da irinsa suka tafi yaƙin tsibiran Falkland a 1982, domin sun san fagen yaƙi wuri ne da lori ba ya zuwa a kan lokaci.

Ƙorafi na biyu kuwa dole a karɓi rabinsa. Eta yana kama wuta, ba ya zama ɗaki ɗaya da na'urar ƙona jijiya da likitocin fiɗa ke amfani da ita yanzu, yana sa amai, kuma farkawa daga gare shi na da nawa. Yana tafasa a zafin da bai kai digiri 35 ba, wanda a In Salah ko In Gezzam da bazara ko a inuwa an wuce shi nesa. Tamanrasset da ke kan tudun Ahaggar, sama da mita 1,300 daga bakin teku, ta fi su sanyi, amma tudun ya zo da nasa: nauyin iska a can ya ragu da kusan kashi 15 cikin ɗari, don haka kowane numfashi yana ɗauke da oksijin ƙasa da na Aljiyas, eta kuma yana tafasa tun kafin ya kai wancan zafi. Mai naƙudar da ta zubar da jini, a irin wannan tudu, iskar ɗaki kaɗai ba ta ishe ta ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa eta ya kau. Abin da bai kau ba shi ne tsarin. Sashen Oxford ɗin kansa ya fito da ƙaramar tukunya a shekarun 1960 don sababbin magunguna irin su halotan, kuma a yau ana ƙera injunan sa barci da ke tace oksijin daga iskar ɗaki, waɗanda in wuta ta ɗauke sai su koma tsarin gwangwanin San Sebastiyan, aiki ya ci gaba. Allurar ketamin, wadda ta shigo asibitoci a 1970, ta bazu a wurare masu nisa saboda dalili guda: galibi tana barin mutum yana numfashi da kansa.

Sai dai inji, mai sauƙi ko mai tsada, rabin magana ne, kuma a nan Macintosh ya fi ɓata wa abokan aikinsa rai. A ƙarshen shekarun 1940 ya rubuta maƙala a kan mace-macen da ake yi a ƙarƙashin maganin barci, ya ƙi yarda da uzurin da aka saba bayarwa, cewa jikin mamacin ne bai karɓi magani ba, ko yana da wata ɓoyayyar halitta. A ganinsa yawancinsu kuskure ne da za a iya kauce wa: hanyar iska ta toshe ba a lura ba, an ba da magani fiye da kima, an juya baya na 'yan mintuna. Ya nemi a riƙa bayyana irin waɗannan a fili don wasu su koya. A 1954 wani babban bincike a Amurka, na Beecher da Todd, ya duba aikin sa barci kusan 600,000 a asibitoci goma, ya sami mutuwa ɗaya a cikin kowane 1,560 da maganin barci ke da hannu a ciki. Su sun karkata ga zargin maganin sakin jiki na kurare da cewa shi kansa dafi ne. Lokaci ya nuna matsalar tana ga yadda ake amfani da shi, wato a saki jikin mutum ba a hura masa iska yadda ya kamata ba. A wajenmu uzurin sunansa daban, a ce kwana ne ya ƙare. Ajali gaskiya ne, amma malamai sun daɗe da raba tawakkali da sakaci, kuma asibitin da ke rufe kowane kuskure da wannan kalma zai maimaita shi a kan wani.

Macintosh ma bai tsira daga kuskure ba, kuma nasa ya yi tsada. A 1947 wasu maza biyu suka shanye daga ƙugu zuwa ƙasa bayan an yi musu allurar baya rana ɗaya a wani asibitin Ingila. Da aka je kotu a 1953, Macintosh ya ba da shaidar cewa ruwan kashe ƙwayoyin cuta ne ya shiga kwalaben maganin ta tsagar da ido ba ya gani. Kotu ta karɓa, mutanen suka rasa diyya, likitocin Birtaniya kuma suka tsorata da allurar baya shekaru masu yawa. Waɗanda suka sake nazarin shari'ar daga baya sun fi zargin ruwan asid da aka wanke tukunyar dafa allurai da shi. Abin ban takaici, allurar bayan nan ita ce a yau ginshiƙin tiyatar haihuwa a asibitoci masu nisa, don uwa tana farke tana numfashi da kanta, kuma Macintosh da kansa ya rubuta littafi a kanta a 1951.

Saura tambayar wanda zai zauna a wajen kan majinyacin. Da Aljeriya ta sami 'yanci a 1962 likitocin Faransa suka kwashe, aka bar ƙasar da 'yan ɗaruruwa, har Kyuba ta turo tawagar likitoci a 1963. Daga baya ƙasar ta horar da nata da yawa, amma ƙwararru a arewa suka taru. Maganin da gwamnati ta samo shi ne aikin bautar ƙasa na dole: wanda ya gama ƙwarewa sai ya yi shekara ɗaya zuwa huɗu inda aka tura shi, wa'adin kuma ya fi gajarta a kudu mai nisa. Daga ƙarshen 2017 zuwa tsakiyar 2018 likitoci masu neman ƙwarewa sun yi dogon yajin aiki a kan wannan tsari, suna cewa ana jefa su inda babu kayan aiki. Mutanen kudu kuma suna cewa in an soke shi wa zai zo? Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, amma zanen aro ba ya rufe katara. Likitan da ke ƙirga watannin komawa gida ba ya gina sashe, ba ya kuma barin almajiri. Waɗanda ke daɗewa su ne ma'aikatan jinya da aka horar musamman a kan sa barci, kuma haka abin yake a Agadas da Maraɗi da ƙananan asibitocin Katsina da Sakkwato. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ce a ƙalla a sami likita biyar na fannin ga kowane mutum 100,000, adadin da ƙasashen Sahel ba su ko kusa da shi ba. Masu cewa bai kamata wanda ba likita ba ya sa mutum barci suna kare martabar sana'a ne, kuma a inda babu ƙasa ake gardamar kokawa. Abin da ya dace shi ne a ɗauko 'ya'yan wurin, masu jin Tamashek da Larabci da Hausa, a ba su horo mai zurfi, a sa likita ƙwararre yana bibiyarsu, a ba su ɗan maƙalin yatsa mai auna oksijin a jini da kayan da za su iya gyarawa da kansu. Sashen Macintosh haka ya yi suna, da kwasa-kwasan da suka jawo likitoci daga ƙasashe da yawa, shi kuma ya yi ta yawon duniya yana nuna aiki da ƙananan kayansa.

Ya yi ritaya a 1965, ya rasu a Oxford a 1989 yana da shekara 91, cokalinsa kuma har yau da sunansa ake kiransa a ɗakunan tiyata. Mai karatu, ranar da za a shiga da naka ɗakin nan, a Tamanrasset ne ko a Zariya, bayan ka ji sunan likitan fiɗa ka tambayi wanda zai sa barcin, ka kuma tambaya ko zai zauna a wajen kansa har ya farka.